Laka a Gindin Kwano

Wani dattijo mai lambu ne ya koya mini yadda ake duba lafiyar dam, kuma da kwanon sha ya koya mini. Ƙarshen watan Yuli ne, damina ta zauna sosai, na je ƙauyenmu gaisuwar rasuwa. Bayan la'asar na raka shi lambunsa da ke cikin kwari, a gindin wata jinga da wani attajiri ya sa aka yi don ta tare masa ruwan noman rani da kiwon kifi. Jingar ba wata babba ba ce, tsayinta bai wuce mita 5 ba. Ciyawa ta rufe ta shar, wata bagaruwa ta yi inuwa a bayanta, awaki suna kiwo a samanta. In ba an faɗa maka ba, sai ka ɗauka tudu ne da Allah ya halitta a wurin.

Dattijon ya tsuguna a gindin jingar, inda ƙasa ta yi danshi har ƙafa ke nutsewa. Wani siririn ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin ciyawa, kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba. Ya tara kwanon har ya cika, ya ajiye a kan dutse, ya ce mu jira. Muka yi ta hirar mamacin da ta tsadar taki. Da aka ɗan jima ya karkata kwanon a hankali, ruwan ya tsiyaye, sai ga wata jar laka mai laushi a gindi, kamar gasarar da ta kwanta.

Ya ce, "Ka ga wannan, ɗana? Bara ruwan nan garau yake fitowa, har alwala nake yi da shi. Bana ya fara zuwa da ƙasa. To, ƙasar nan daga ina take? Daga cikin jinga take."

Na ce, "Baba, kun faɗa wa mai dam ɗin?"

Ya ce ya faɗa wa maigadi, maigadi ya ce zai faɗa wa manaja. Shi kuwa Alhaji, mai dam ɗin, yana birni, sai da rani yake leƙowa, lokacin da ake kwashe kifi da tumatir.

Da na koma na tambayi wani injiniya abokina da ya daɗe yana aikin madatsun ruwa, sai na tarar abin da ya karanta a jami'a bai saɓa da abin da dattijon ya gani da ido ba. Duk dam ɗin da aka gina da ƙasa yana yoyo, kaɗan ko da yawa. Ruwa yana ratsa ƙasa a hankali kamar yadda yake ratsa jikin sabuwar randa, kuma ba a tsoron wannan muddin yana fitowa garau, yawansa bai canja ba. Ranar da ya fara fitowa da launin ƙasa, ko ya ƙaru alhali ruwan tafkin bai ƙaru ba, to ya samu hanya a ciki, yana kwashe ƙwayoyin laka ɗaya bayan ɗaya. Ramin daga bayan jinga yake farawa, inda ruwan ke fita, yana ci yana komawa baya har ya cimma tafkin. Yakan shafe shekaru yana wannan tafiya a ɓoye. Amma da zarar ya huda, abin da ya rage 'yan sa'o'i ne, wani lokaci ma ba a kai sa'a guda: ramin da ya fara kamar na gyare ya zama kamar bakin rijiya, saman jinga ya rufta a kansa, ruwa ya kwashe sauran.

Muna raina ƙaramin dam ne saboda mun saba ganin ruwa a kwance. Yara na wanka, mata na wanki, shanu na sha, ba wanda ke tuna nauyinsa sai ya ɗauki jarka. Lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne cur. Tafki mai faɗin hekta ɗaya, wanda matsakaicin zurfinsa mita 2 ne, yana riƙe da lita miliyan 20, wato tan 20,000, abin da zai cika tankar mai kusan 600 irin masu ɗaukar lita 33,000. Ka ƙiyasta an jera tankoki 600 a kan gangare, abin da ya tare su tarin ƙasa ne kawai, a kwari kuma mutane na barci. Sannan ƙarfin da ruwa ke tura jinga da shi zurfi yake bi, kuma tsalle yake yi. In zurfin ruwa a jikin jinga mita 4 ne, kowace mita ɗaya ta tsawonta tana tokare da turin da ya kai tan 8. In zurfin ya zama mita 5, turin ya koma tan 12 da rabi. Mita ɗaya tak aka ƙara, nauyin ya ƙaru da fiye da rabi.

Mutanen Solai, a gundumar Nakuru ta ƙasar Kenya, sun ga wannan lissafi da idonsu. Yankin noma ne a cikin babban kwarin nan da ya ratsa Kenya. A saman ƙauyukansu akwai wata ƙatuwar gona ta 'yan kasuwa, ana noman gahawa da furannin da ake kaiwa ƙasashen waje, kuma a cikinta akwai madatsun ƙasa da dama da masu gonar suka gina don ban ruwa. A shekarar 2018 ruwan damina ya sauko da ƙarfi tun daga watan Maris, bayan an sha fari, har ambaliya ta kashe fiye da mutum 100 a faɗin ƙasar, ta raba fiye da 200,000 da gidajensu. Ranar Laraba 9 ga Mayu, bayan faɗuwar rana, lokacin da iyalai suka zauna cin abincin dare, ɗaya daga cikin madatsun ta ɓalle. Waɗanda suka tsira sun ce wata ƙara suka fara ji kamar fashewar wani abu, kafin su ankara ruwa ya iso ɗauke da laka da duwatsu da itatuwa. Ya share gidaje a ƙauyukan Energy da Nyakinyua, ya tuge turakun lantarki, ya bar wata doguwar gwadabe ta jar laka mai faɗin kusan mita 500 a inda da akwai gonaki da ɗakunan mutane. Mutum 48 suka rasu, kusan rabinsu yara.

Dam ɗin da ya yi wannan ɓarna abin da yake iya riƙewa bai wuce kimanin lita miliyan 200 ba. In aka gwada shi da Tiga ko Kainji, kududdufi ne. Bayan abin ya faru hukumar kula da albarkatun ruwa ta Kenya ta ce ba a gina shi da cikakken izini ba, aka tura injiniyoyi suka rage ruwan wasu madatsun gonar don kada a sake kwatawa, Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin bincike. Aka gurfanar da mutum 9 bisa zargin kisa ba da gangan ba, cikinsu har da jami'an hukumar ruwa da ta muhalli. A farkon 2020 wata kotu a Naivasha ta sallame su saboda masu gabatar da ƙara sun yi ta jan ƙafa, daga baya babbar kotu ta ce a sake shari'ar.

A duk labarin nan abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar mazauna wurin, da suka ce sun daɗe suna ganin yoyo da tsaga a jikin dam ɗin, kuma sun yi ƙorafi. Ina karanta wannan dattijonmu ya faɗo mini a rai, shi da kwanonsa.

Ai dam fuska biyu gare shi. Mai shi daga sama yake zuwa, ya tsaya da mota a bakin tafki, ya ga ruwa ya cika yana sheƙi, ya ga kifi na tsalle, ya yi hamdala. Duk alamun cuta kuwa a ɗaya fuskar suke bayyana, ta bayan jinga, inda mai lambu ke tsugune, inda yarinya mai kiwon awaki ke ratsawa, inda matar da ke ɗibar ruwa take lura cewa ciyawar wuri kaza ta fi ta ko'ina kore har cikin rani. Wanda ke ganin ciwon ba shi da ikon taɓa ko tsinke a jikin jingar, wanda ke da ikon kuma ba ya zagayowa ta nan. Kuma mai ganin yakan ji nauyin magana. Dattijon nan 'ya'yansa biyu suna aikin kwadago a gonar Alhaji, lambunsa ma da danshin dam ɗin yake rayuwa. Yaya zai ɗaga murya a kan abin da yake ci daga gare shi? Gona tana da iyaka, an kafa shinge, takarda ta nuna inda mallakar Alhaji ta tsaya. Ruwan da ke cikinta bai san shinge ba, gangare kawai ya sani. Tun ranar da mutum ya tare kwari ya tara ruwa a saman gidajen wasu, ya sa su cikin harkarsa ba tare da ya shawarce su ba. Kifi da tumatir nasa ne shi kaɗai, amma in jinga ta tafi, a ɗakinsu ruwan zai kwana.

Kafin mu bar wurin a ranar, dattijon ya ce in zo in ga wani abu. Muka hau, muka bi saman jingar har ƙarshenta, inda ta haɗu da tudu. A nan an yanke ƙasa an yi wani faffaɗan kwari mara zurfi, wanda ya fi saman jinga ƙasa da kamar mita ɗaya. Wannan ce mafitar ruwa, hanyar da aka bar wa rara ta bi ta zagaye jingar ta sauka rafi idan tafki ya cika. Sai na ga an jera buhunan yashi sahu biyu, wani kan wani, sun toshe bakinta, an kuma kafa ragar waya a samansu don kada kifi ya bi ruwa. Ganyaye da ledoji da karan dawa sun riga sun fara maƙalewa a ragar.

Na san dalilin da ya sa aka yi haka, kuma ba na ganin mugunta a ciki. Kowace damina ruwa yana shigowa da yashi da laka, tafkin yana cikewa daga ƙasa, abin da yake riƙewa yana raguwa. Sai a wayi gari ruwa ya ƙare a watan Fabrairu alhali tumatir yana tsakiyar 'ya'ya. Mutumin da ya zuba kuɗinsa, ya ga ruwan da zai buƙata nan da wata shida yana malala ta mafita a watan Agusta, ga tarwada na binsa, dole ransa ya sosu. A idonsa wannan kwarin ɓarna ce, wurin da dukiya ke zurarewa. Buhu 50 na yashi kuwa ba su kai kuɗin yashe tafki ba. Sai dai wannan wurin da ake gani kamar asara shi ne ke riƙe da ran dam ɗin gaba ɗaya.

Jingar ƙasa tana iya tokare ruwa shekara da shekaru, amma ba ta jure ya bi ta kanta. Da zarar ya tsallake samanta ya fara gangarowa ta baya, sai ya yi mata abin da yake yi wa hanyar ƙauye da damina: ya fara da ɗan zaizaya, ya zama kwazazzabo, ya yanka ta biyu. A ƙididdigar da masana suka yi a Amurka, kusan kashi ɗaya cikin uku na madatsun da suka ɓalle ta haka suka tafi. Kuma ba a buƙatar wani ruwan ɗufana. In filin da ke kwararo wa dam ruwa hekta 100 ne, aka yi ruwan sama na milimita 50 a dare ɗaya, irin wanda muke gani a Agusta, lita miliyan 50 ke nan suka sauka. Ko rabi ne ya gangaro, ya fi ƙarfin abin da tafkin hekta ɗayan nan zai ɗauka ko da a bushe yake, balle ya tarar da shi cike. Dole rarar ta samu inda za ta bi. In ba a ba ta ƙofa ba, za ta yi wa kanta.

A tsibirin Kauai na jihar Hawai a Amurka akwai wani tsohon dam na ƙasa da ake kira Ka Loko. An gina shi tun 1890 don ban ruwan gonakin rake, tsayinsa kimanin mita 12. Noman rake ya mutu a yankin, filin ya koma hannun wani attajiri dillalin motoci. Dam ɗin ya haura shekara 100 yana tsaye. Bayan makonni ana tafka ruwan sama, da asubahin 14 ga Maris, 2006, ya ɓalle, ya saki ruwan da ya kai kusan lita biliyan ɗaya da rabi, ya kashe mutum 7, cikinsu har da mace mai juna biyu da ƙaramin yaro. Binciken da gwamnatin jihar ta sa aka yi ya gano cewa an cike mafitar ruwan da ƙasa shekaru kafin nan, lokacin da ake baje filin bakin tafkin. Mai filin, yana da shekara 88, aka yanke masa ɗaurin wata 7 a 2014. Abin da ya tsare dam ɗin sama da ƙarni ɗaya ɗan kwari ne a gefensa, wanda katafila za ta iya shafewa kafin azahar.

Ita ma ragar kifin tana da tarihi. A jihar Fensilbaniya ta Amurka wata ƙungiyar attajirai, da su Andrew Carnegie a cikinta, ta mallaki dam ɗin South Fork don shaƙatawa da kamun kifi. An rage tsayin samansa don ya yi faɗin da kekunan doki za su wuce, an kuma sa raga a mafita don kada kifi ya tsere. Ranar 31 ga Mayu, 1889, aka yi ruwa mai yawa, tarkace ya toshe ragar, ruwa ya bi ta kan dam ɗin. Garin Johnstown yana kwance a kwari, mutum 2,209 suka mutu. Ba kotun da ta kama ƙungiyar da laifi. Da na tsaya ina kallon ledojin da ke maƙale a ragar Alhaji, tsigar jikina sai da ta tashi.

Ita kuwa bagaruwar da ke bayan jinga, wadda muka fake a inuwarta, injiniyan nan abokina ya ce da a ce shi ne da ba ta kai haka ba. Saiwar itace tana bin danshi, danshin kuma yana cikin jinga. Tana raye tana buɗa ƙasa, in ta mutu ta ruɓe ta bar bututu a shirye. In iska ta tuge itacen, ya tafi da wani yanki na jingar. Haka gara take saƙa hanyoyinta a ciki ba a gani, haka gafiya take haƙa ɗakinta, haka turbar shanu take zama magudana in sun saba hawa ta wuri ɗaya. Da rani kuma, in tafki ya ja baya, yumɓu yakan bushe ya tsattsage, ruwan farko mai ƙarfi ya tarar da ƙofofi a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji labarin madatsar Ma'arib ta ƙasar Yaman, wadda ambaliyarta ta zo a Suratu Saba'i, wadda ta shayar da lambunan mutanen Saba'i ɗaruruwan shekaru kafin ta rushe. Masu tafsiri da yawa sun kawo cewa ɓera ne ya haƙe ta. Tun muna yara muke jin wannan a matsayin abin al'ajabi, sai ga shi masu duba madatsun ƙasa a yau ramin ƙananan dabbobi yana cikin abubuwan farko da suke nema.

Wani ciwon ma tun ran gini ake dasa shi. Na sha ganin yadda ake yin irin waɗannan madatsu a karkararmu: a ɗauko katafila da rani, direba ya duba kwari da ido, ya yi ta turo ƙasa yana tarawa har tudu ya tashi, cikin mako biyu an gama an biya shi. Ba a kankare ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi ba, ba a haƙa rami a gindi an cika shi da yumɓu don ya tare ruwan da ke bi ta ƙarƙashi ba, busasshiyar ƙasa aka tula. Alhali duk matar da ta taɓa yin daɓe ta san ƙa'idar: a shimfiɗa kaɗan, a yayyafa ruwa, a bubbuga har ya kama, sannan a ƙara. Jinga ma haka take so, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba, da ɗan danshi, a bi ta da abin dannewa kafin a ɗora wata. Wadda aka tula a garaje tana iya tsayawa shekaru, mai ita ya ɗauka ta ƙeƙashe, alhali ba ta gamu da daminar da za ta gwada ta ba ne tukuna.

To wa ke duba su? Amurka tana da rajistar madatsu fiye da 90,000, kuma fiye da rabinsu na masu zaman kansu ne. Duk da haka Ka Loko ya zame wa hukuma. An sa shi a ajin marasa haɗari, jami'an jihar ba su taɓa duba shi ba har ya tafi. Su a tsarinsu, ajin haɗari ana auna shi ne da abin da ruwa zai tarar a gabansa in dam ya ɓalle, kuma wannan abu ne mai canjawa. Dam ɗin da aka gina a dokar daji, bayan shekara 20 sai ka ga an yi gidaje a gindinsa, domin ruwa yana jawo mutane. Lambun dattijonmu da gidaje bakwai da ke kusa da shi duk bayan an gina jingar suka zo. Mu a nan mun ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988, mun ga ta Alau ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Waɗannan madatsun gwamnati ne, suna da suna, suna da ma'aikata da kasafi, amma suka kai ga haka. Ina ga wanda ba shi da suna, sai dai a ce dam ɗin Alhaji, wanda mai dubansa kaɗai maigadi ne da ke tsaron ɓarayin kifi?

Ba ina cewa a daina tare ruwa ba. Na ga abin da jingar nan ta yi wa ƙauyenmu. Samarin da da can ana gama girbi suke tafiya cin rani, yanzu wasunsu suna gida suna ban ruwa. Makiyaya sun samu mashaya. Rijiyoyin kwarin ba sa ƙafewa kamar da. Ƙasar da ruwanta ke zuba cikin wata huɗu sannan ya ɗauke wata takwas tana buƙatar irin waɗannan madatsu da yawa, kuma wanda ya zuba kuɗinsa ya yi ɗaya ya cancanci godiya. Abin da nake gani shi ne, tare ruwa ɗaukar amana ne, kuma amanar ba ta ƙarewa ranar da katafila ta tafi. Akwai haƙƙin maƙwabtaka a ciki, irin wanda muka sani a kan katanga mai shirin faɗuwa ko indararon da ke zuba gidan wani, sai dai wannan ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Mafi ƙarancin abin da mai dam zai yi shi ne ya riƙa sauka daga mota yana zagayawa ta bayan jinga da ƙafa, kafin damina da tsakiyarta da bayan kowane babban ruwa, ya bar mafita a buɗe, ya kuma ba mutanen kwari lambar wayarsa ta kansa, ya ce musu ko tsakar dare ne su kira.

Sati biyu bayan zuwana, ni da kawuna, wanda shi ne mai unguwa, muka je wurin Alhaji a birni. Dattijon ya ba mu ruwan yoyon a cikin gorar roba, muka tafi da shi. Alhaji ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo mana abin sha. Kawu ya ajiye gorar a kan tebur, aka yi doguwar gaisuwa, sannan ya kawo maganar a hankali.

Alhaji ya ce, "Mai unguwa, dam ɗin nan fa shekararsa 9 yana tsaye, ko gezau bai taɓa yi ba."

Kawu ya ce, "Haka ne, Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Mu dai da muke kwana a ƙarƙashinsa muka ce bari mu kawo maka abin da yake aiko mana."

Lokacin nan ruwan gorar ya riga ya natsa. Alhaji ya ɗaga ta ya kalli hasken taga, ya ga jan layin da ya kwanta a gindi, ya girgiza ta ya ga ruwan ya koma kalar shayi. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya tambayi gidaje nawa ne a kwarin, kawu ya lissafa masa su da sunayen masu su, da yawan yaran kowane gida.

Washegari aka kwashe buhunan da ragar. Kifi da yawa ya bi ruwa a Agustan nan, yaran ƙauye suka yi ta kama tarwada a rafi da hannu. Injiniyan da aka kira ya sa aka rage ruwan tafkin da bututu a hankali, don in aka janye shi da sauri fuskar jingar ta ciki takan zame. Ya sa aka shimfiɗa yashi a inda yoyon yake, aka ɗora tsakuwa a kai, yadda ruwa zai samu wucewa amma ƙasa ta tsaya. Bagaruwar kuwa ya ce kada a sare ta a bar kututture, a bari sai rani in ruwa ya ja, a tono saiwoyin duka a mayar da yumɓu a daɓe. Har yanzu ba a yi wannan ba. An ce sai an sayar da tumatir.

Da na koma daminar da ta biyo baya, na tarar da dattijon a lambu yana cirar ciyawa a cikin barkono. Muna gama gaisawa ya ɗauko kwanon, muka nufi gindin jinga. Ya tara a inda ruwa ke fitowa ta cikin tsakuwar, ya ajiye a kan dutsen nan, muka zauna a inuwar bagaruwa muna jira. Da ya karkata kwanon muka leƙa tare. Akwai ɗan abu a gindi, bai kai na bara ba. Ya shafa da yatsa, ya murza, ya ce zai sake tarawa ranar Juma'a.